Shekarar da Na Roƙi Allah Gilashin Hindatu Ya Mutu

Ramla, idan kin girma kika zo Matameye hutu, akwai wadda za ta ja ki gefe ta ba ki labarina. Na ma san wadda za ta fara, amma bar ta. Za a ce miki Zuwaira ta yi wa ƙanwarta baƙin ciki, ta tsaya a tsakar gida da rana tsaka tana roƙon Allah ya lalata mata aiki. An yi haka. Ba a ɓoye na yi ba, kuma ba gafara na zo nema a nan ba. Abin da ba za su faɗa miki ba shi ne dalili, don su a wurinsu dalilin ɗaya ne, wai ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, ni na faɗi. To ki ji daga bakina.

Ni ce babba, amma aji ɗaya muka gama lise, wato babbar sakandare, da uwarki Hindatu, don ni na maimaita aji, ita kuwa ba ta taɓa sanin yadda maimaitawa take ba. Mushen da ke koya mana fizik yakan ɗaga takardarta sama ya ce a duba, sannan ya miƙo mini tawa a kife. Ta ci bak, na faɗi, na sake zama, na sake faɗuwa, na ce ya ishe ni. Ta tafi Yamai, daga can ta sami bursu, kuɗin tallafin karatu, zuwa Faransa. Baba, kakanki, aikinsa kafa pannon sola ne wa masu garake, waɗanda ke jawo ruwa suna ba rake, daga nan har Ɗan Barto da Yauri. Ni ce nake riƙe masa tsani tun ina ƙarama. Ni nake miƙa masa waya, ni nake ɗaukar batir ya zubo mini ruwa a zane ya huda shi. Amma duk wanda ya zauna a ƙofar shagonsa sai ya ji cewa Hindatu ce ta gado shi. Ita da ko sukurdireba ba ta taɓa riƙewa a gidan nan ba. Wannan ya ci mini rai shekara da shekaru, ban musa ba. Sai dai na saba da shi kamar yadda ake sabawa da haƙori mai rami, a tauna ta ɗaya gefen.

Ta auri Musa, babanki, wanda shi ma karatu ya kai shi can, ta zo gida ta haife ki. Da aka yaye ki lokacin komawarta ya yi. Ke ce ƴar fari, kuma a gidanmu ba a wasa da kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, in ya faɗi ya fasa baki sai ta kau da kai wani ya ɗaga shi. Haka Inna ta yi mini, har yau ba ta taɓa cewa Zuwaira ba, sai "ke" ko "waccan". Haka Hindatu ta yi miki, duk da karatunta. "Yarinyar nan" take cewa. Ranar da za ta tafi Inna ta ɗauke ki ta ɗora mini a cinya, ba tare da ta tambaye ni ba. A lokacin ina gidan mijina Sani, bango ɗaya da gidan Baba, ban haihu ba, shi kuma rabin shekara yana Kano cin rani. Kin zo mini kina taku biyu kina zama. A bayana kika yi ƙyanda. A bayana kike barci ina ƙulla lamurje a leda ina jerawa a firigo, hannuna ya mutu da sanyi, bayana ya jiƙe da zufarki. Ni kike ce wa Mama. Ita kuwa Tanti ce mai fitowa a cikin waya, kina leƙa ta ki gudu.

A shekarar da nake faɗa miki, kina gab da shiga lakwal, makarantar boko, ta zo hutun bakans da bazara. Kowa ya sami tsaraba, amma ta Baba daban ce. Ta fito da wata ƴar leda a rufe ruf, a ciki gilashi biyu manne da juna, duka ba su wuce akwatin ashana ba. Tsakaninsu wani abu baƙi-baƙi mai sheƙi, gefen kuma an bi shi da wani danƙo fari.

"Wannan ne aikin?" na ce. "Shekarun nan duka? Ko fitilar ban-ɗaki ba zai kunna ba."

"Ba don ban-ɗakinki aka yi shi ba, Yaya."

Baba ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, abin da bai taɓa yi wa wani abu nawa ba. Ta zauna kusa da shi tana bayani, ni ina tsaye a bakin ƙofa kamar ba na ji.

"Baba, taurarin ɗan adam da ke sama, waɗanda ake kama tele da su, da sola suke aiki su ma. Amma can ba kamar nan ba ne. Mu duniya ta lulluɓe mu tana tare mana abubuwa. Can kuwa rana ba haske kaɗai take bayarwa ba, akwai wasu ƙwayoyi da take harbowa, ido ba ya ganinsu, suna ratsa gilashi. Su ake kira radiyasiyon. Panno irin naka, idan suka yi ta dukansa, cikinsa ne yake lalacewa kaɗan-kaɗan, kuma ba ya komawa daidai. Wuta ta yi ta raguwa har ya tashi daga aiki."

"Kamar ƙanƙarar sama a ganyen rake," in ji Baba.

"Yauwa. Wannan kuwa sunansa perobskit. Shafa shi ake yi kamar fenti, bai kai kaurin gashin kai ba, ba shi da nauyi. Saboda sirantarsa yawancin ƙwayoyin wucewa suke yi. Inda suka yi ɓarna kuma, idan ya sha haske da ɗumi, sai abubuwan da suka goce su koma mazauninsu."

"Ya warke da kansa?"

"Haka muke gani. Shi za mu gwada bana. Akwai injin da ke harba ƙwayoyin nan, za mu sa su a gabansa su sha dukan da za su sha a sama cikin shekaru, mu auna wutar kafin da kuma bayan."

Baba bai iya sunan ba, bai ma gwada ba. Gilashin Hindatu ya sa masa, haka kowa ya ɗauka. Har nan ba ni da matsala da gilashi. Da yamma ne, muna tsince shinkafa mu uku da Inna, kina gefe kina wasa da murfin kwalba, uwarki ta sako maganar a kaikaice, idonta a kan faranti. Ta ce idan gilasan sun jure za a ɗora su a kan wani ƙaramin tauraro, ita kuma za a ɗauke ta aiki na shekaru, da gida mai ɗaki biyu. Ta ce akwai lakwal a bayan gidan, ba sai an tsallaka titi ba. Ba ta dube ki ba. Inna ta ce Allah ya tabbatar da alheri, ita ma ba ta dube ni ba. Babbar mace da ɗaki biyu, me za ta yi da lakwal a bayan gida?

"In bai jure ba fa?" na ce.

"Aikin ya tsaya. In dawo in nemi koyarwa a Damagaram."

Damagaram, da ake tafiya da safe a dawo kafin la'asar. In tana can ba mai raba ni da ke, sai dai ta zo ran Juma'a da alewa. Daga wannan yamma na san matsayina. Ko gilashin ya mutu, ko a ɗauke ki.

Da ta koma na shiga neman sanin abokin gabana. Ni da na rantse na gama da fizik, sai ga ni da waya a hannu tsakanin masu sayen ƙanƙara, ina haɗa Faransancin da ya rage mini ina karanta perobskit. Ba ilimi nake nema ba, inda yake da rauni nake nema. Ina kiran uwarki in yi ta tambaya, zafi yana kashe shi? Sanyi fa? In an harbe shi ya warke, a sake harbinsa, zai sake warkewa ko zai gaji? Ita kuma murna take yi. Ta ce wa Baba ai Yaya ta fi ɗalibanta son abin. Ka ji sakarya mai digiri. Ta nan dai na gano cewa ba abin da ya tsana kamar laima. Abin da ake cewa yana jure harbin rana, wai raɓa kaɗai ta ishe shi. Na riƙe wannan a raina kamar na tsinci zobe.

Baba kuwa ya sa a riƙa yin waina duk Juma'a ana rabawa sadaka don aikin ya yi kyau. Wa zai soya? Zuwaira mana, tunda ita ce ba ta da digirin da za ta tsare. Juma'ar farko na soya na yi shiru. Ta biyu ma haka. A ta gaba ina durƙushe a gaban tanda, hayaƙi ya cika mini ido, kina manne da bayana kina jiran mai zafi, maƙwabta mata sun shigo karɓa, sai Inna ta ɗaga hannu ta ce Allah ya sa gilashin nan ya jure, kowa ya ce amin.

"Allah ya sa ya ƙone ƙurmus," na ce. "Allah ya sa ya narke ko toka kar a samu."

Na juya wainar da ke tanda.

"Ke, kina da hankali kuwa?" in ji Inna. "Ƙanwar taki?"

"Ban ce wani abu ya same ta ba. Ita Allah ya ƙara mata lafiya. Gilashin na ce."

"Da bakin da kike soya sadakar?"

"Da hannu nake soyawa, Inna. Hannun naku ne, bakin nawa ne."

Kafin sallar Juma'a ta tashi labari ya kai kasuwa. Baba bai yi mini faɗa ba, ya dai daina kirana in riƙe masa tsani, ya ɗauki wani a shago. Wannan ya fi faɗan zafi. Ba wanda ya tambaye ni me ya sa, kuma kowa ya sani. A gidanmu in abu ya shafi ɗan fari, kowa kurma ne.

Shi Baba akwai abu ɗaya da yake yi wa kowane mai garka wa'azi a kai, wato panno mai datti ba panno ba ne. Kullum da safe yana kan rufi da bokiti da tsumma. In ya ga sabon panno an bar ledar da ya zo da ita, sai ya ce mai shi ƙauye ne, ya ɓare ta da kansa. To da damina ta sauka ya fito da gilashin daga ledarsa don ya nuna wa wani Alhaji daga Icirnawa. Ya duba gefen ya ga farin danƙon nan, ya ɗauka irin abin da ake ɓarewa ne. Ya sa reza a hankali ya kankare shi tas, ya wanke gilashin da ruwa mai tsabta, ya goge, ya jingine shi a taga inda kowa zai gani. Hindatu ta gaya masa kar a buɗe, amma shi a ganinsa bai buɗe ba, gyarawa ya yi. Ni na ga yana yi. Na san abin da laima take yi masa. Na ce, "Baba, da ka bar shi yadda yake." Ya ce tun yaushe na fara damuwa da kayan Hindatu. Na ce shi ke nan.

Daga gefe ya fara. Baƙin ya koɗe, ya koma kamar ƙasa, sannan rawaya ta ci shi tana shiga ciki, har duk ya zama launin ƙwaiduwa. Baba ya tsaya a gabansa kamar an yi masa rasuwa. Ni kuwa rabon da in ji daɗi irin na ranar na manta. Na ɗauke shi, na fita inda waya ta fi kamawa, na kira uwarki da bidiyo, na kanga mata shi a fuska.

"Ga jarumin naki. Ba inji, ba harbi. Tsumman Baba ne kawai da damina."

Ta matso da ido. Na jira in ga fuskarta ta faɗi.

"Wa ya cire danƙon? Yaya, ajiye shi. Akwai dalma a ciki. Yarinyar nan ta taɓa?"

"Ba ta taɓa ba."

"Kin tabbata? Ba ta sa a baki ba? Ki ƙulle shi a leda biyu, ki wanke hannu da sabulu, ki wanke tagar. Kar a jefa shi kusa da rijiya."

"Na ji. Amma ya mutu ko bai mutu ba?"

"Ya mutu."

"To abin da bai jure Matameye ba, sama zai jure?"

Sai ta yi dariya, ba ta mugunta ba, wadda ta fi ta mugunta ciwo.

"Yaya, ba ruwa a can. Ba raɓa, ba iska, ba damina. Hadarin da kike gani duk a ƙarƙashinsa yake. Abin da ke kashe shi a nan ba ya can, shi ya sa ma muke ganin can ne gidansa."

Na kashe wayar. Na yi makonni ina riƙe da makami, ashe a ƙasa kaɗai yake ci. Na wanke miki hannu har sau ba adadi ranar, kina kuka kina cewa ba ki taɓa ba, ina cewa na sani.

Labarin gwajin ya zo gero yana fitar da kai. Baba ne ya shigo gidana ba sallama, waya a hannu, yana haki. An harbi gilasan, wutar ta ragu, aka bar su a haske, ta dawo kusan yadda take. An sake, ta sake dawowa. Ya ce, "Sun warke, Zuwaira, sun warke," ya manta da wa yake magana. Na ce barka. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado, kika biyo ni kina tambaya wa ya warke, wa ba shi da lafiya.

Bayan kaka ta zo da takardunki a shirye. Amma ko da takardu akwai abin da ya rage, sai an faɗa da baki, kuma ita ba ta iya faɗa. Aka zauna a rumfar Baba da hantsi, shi da Inna da ni da ita. Kina can bakin randa kina wasa da ruwa. Baba ya yi ta kewaye-kewaye, karatu abu ne mai kyau, dangin uba ma sun yi magana, zumunci ba ya yankewa. Hindatu kanta a ƙasa tana murza bakin mayafi. Ana so a ɗauke ki ba tare da kowa ya ce an ɗauke ki ba, ni kuma in ce ba komai. Haƙurina ya ƙare.

"Baba, a daina wahala. Wa ake magana a kai? Ni ban ji an ambaci kowa ba."

"Zuwaira."

"Ba rashin kunya nake yi ba. Kaya aka ba ni ajiya, ko mutum? In mutum ce tana da suna. Mai so ta kira ta da sunanta a nan, a gabanka da Inna. In ta kira, ta amsa, ta tafi da ita. In ba za ta iya ba, a bar mini abata."

Inna ta ce innalillahi. Na san abin da nake yi. Na san uwarki tun tana tsumma, ba ta taɓa take al'adar gidan nan ba ko sau ɗaya, ita ce ta kirki, ni ce mai baki. Na tabbata za ta gwammace ta koma hannu wofi da ta buɗe baki a gaban Baba. Ta yi ta murza mayafin har na fara jin na ci. Sannan ta ɗago, ba ta dubi kowa ba sai ke.

"Ramla," ta ce. Ta sake. "Ramla. Zo."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. Baba ya dubi ƙasa. Ke kuwa kin juyo da hannu a jiƙe, kin ji sunanki daga bakin da bai taɓa faɗarsa ba. Ba ki tafi wurinta ba. Ni kika duba, irin duban da kike yi mini in baƙo ya miƙo miki abu, kina jira in ce karɓi ko kar ki karɓa. Duk wanda ke rumfar ya ga wannan duban, kuma ina so ki sani an gani. Da na girgiza kai ko kaɗan da ba ki motsa ba. Amma ni na kafa sharaɗin, da bakina, a gaban ubana, kuma ta biya abin da ban zaci za ta iya biya ba.

"Je ki," na ce. "Uwarki ke kira."

Ranar da za ku hau kar, babbar motar fasinja, na tashe ki da sassafe na zaunar da ke tsakanin ƙafafuna. Na yi miki kitso ƙanana-ƙanana, irin wanda ake wuni ana yi, na ja shi sosai, na ɗaure bakin kowane da zare baƙi na tura ƙullin ciki inda ba a gani. Kina cewa Mama da zafi, ina cewa yi haƙuri, na hanya ne. Uwarki tana tsaye da jaka tana duba agogo. Ban raka ku tasha ba, ina da ƙanƙarar da zan fitar.

Sanyi ya kusa wucewa wayata ta yi ƙara ina tsakiyar ciniki. Na ga sunanta, na bar ta ta yi ta yi har ta katse. Na sallami mai saye, na wanke hannu, na gyara ɗankwali, sannan na kira. Ga ki zaune a kan wata kujera a ɗakin da ban sani ba, kitson da na yi miki ya tsufa ya yi buzu-buzu, idonki ja. Ga Hindatu a bayanki da mataji da almakashi, ta yi zufa a ƙasar da ake ƙanƙara.

"Yaya, don Allah. Na rasa bakinsa. Ta ƙi bari kowa ya taɓa, wai sai ke."

"Ajiye almakashin nan kafin ki yi mata sanƙo. A labon binciken naku ba a koya muku tsifa ba?"

"Yaya."

"Samo allura. Ba wannan ba, babba. Ramla, sunkuyo, ki daina kuka, ina kallo. Ke kuma fara daga ƙeya, a hankali. Na ce a hankali, kan mutum ne."

Muka yi ta yi har batirina ya mutu, ko rabi ba ta kai ba. Washegari ta sake kira.